Shekara Ukun Da Garba Zai Cire Miki

Abbasiya, Alƙahira
Ranar Talata, bayan la'asar

Uwata Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe akwatinki kika gan ta, ko a Kano ko a Funtuwa. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masu tare hanya da daɗin baki. Ummanki tana gaishe ki, ko da yake yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo ku a ɗaki kuna musu a kan yawan yajin da take cusa miki cikin kaya.

Kin san ubanki. Da baki na ci abinci shekara talatin da shida a garin nan. Na sayar wa Bamisire turaren da aka haɗa a kasuwar Ataba ta nan garin na ce masa daga Kano ya zo, na sayar wa Bakano irinsa na ce daga Makka aka kawo shi, kowa ya tafi yana sa mini albarka. To amma maganar nan sau uku ina ɗauko ta a makon nan, kullum sai bakin ya juya ta ta koma raha, ki yi dariya, in yi dariya, mu tashi ban faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na san abin da zai kai ki Najeriya kafin ki wuce Jamus. Kin ce mana sabunta fasfo ne da gaida dangi. Na san kamfanin da ke ɗaukar ma'aikatan jinya ya ce ba ya son wanda ya haura talatin, ke kuma kina da talatin da biyu da watanni. Na san kin je wurin Garba Tamam, mai rage wa mutane shekaru a takarda.

Kada ki zargi Ummanki, ba ta sani ba har yanzu. Garban ne da kansa ya faɗa mini. Ranar Juma'a ina zaune a ahwar bakin titinmu, inda muke shan shayi muna buga wasan dumina, ya jawo kujera ya zauna yana washe baki.

"Alhaji Ɗalibi, ka gode mini."

Na ce, "A kan me, Garba? Ka tuba ne?"

"'Yarka mana. Na yi mata ragi saboda kai. Uku kacal za a cire mata, aikin yara ne. Kai da na sauke maka goma sha ɗaya, ka taɓa jin ko ciwon kai?"

Na ce, "Wa ya aike ka wurin 'yata?"

"Da ƙafarta ta zo. Akwai mutumina a can gida, zai yi mata sabuwar takardar haihuwa, sabon kati, sabon fasfo. Tamam! Ta fito yarinya ɗanya shakaf."

Na yi dariya, don in ban yi dariya ba 'yan ahwa za su gane. Amma wallahi shayin nan har ya huce ban sake kai shi baki ba.

Kin taso kina jin ana ce mini Alhaji Ɗalibi, kina jin Ummanki tana ce mini "yaro, tashi ka ba babba kujera," kina ɗauka wasa ne na mata da miji. Wasa ne, amma yana da tushe, kuma ban taɓa ba ki labarin daga farko ba.

Ina da shekara talatin da ɗaya ina sayar da yadi a kasuwar Funtuwa, ga 'yar firamare, ga 'yar islamiyya, ga buri fal ciki. Aka ce ana ɗaukar ɗalibai zuwa Misira, amma samari ake so. Garba a lokacin yana Kano yana wannan sana'ar tasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba ni da gemu mai yawa, ashirin za ta karɓe ni. Abu ɗaya ake buƙata: wani babba a gidanmu ya je kotu ya yi rantsuwa cewa a shekara kaza aka haife ni. Babanmu ya rasu, sai Yaya Mudi. Ba ki san shi sosai ba, sau ɗaya kika gan shi kina ƙarama. Tela ne, irin mutumin da in ƙyalle ya ragu bayan ɗinki sai ya ninke ya mayar wa mai shi. Na same shi a kan keke na yi masa bayani.

Ya ce, "Sani, wannan ba ƙarya ba ce?"

Na ce, "Yaya, neman ilimi ne fa. Ka taɓa jin an kama mutum da laifin neman ilimi?"

Ya ci gaba da murza zarensa. Washegari ya yi alwala ya bi ni kotu ya rantse. Da muka dawo gida aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Ni kuwa na cinye nawa na ƙara da nasa, ina ganin ni ne gwanin duniya.

Innata, mai sunanki, da ta ji sai ta ce, "Su rubuta abin da suka ga dama. Ni na san daminar da aka haƙa rijiyar ƙofar gida na haife ka." Ita ba ta da takarda, rijiya ce kalandarta.

Ga abin da nake so ki fara riƙewa, Uwata. Ƙaryar takarda ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Ni na ci moriya, wani ya ɗauki rantsuwa. Ke ma mutumin Garba zai nemi wanda zai tsaya miki, kuma cikin 'ya'yan Yaya Mudi za a nemo shi, don su ne danginki a can. Kada gidan mutumin nan ya yi mana wannan aikin sau biyu.

Na zo Misira na yi karatu na gaskiya shekara biyu. Larabcina na rubutu daga nan ya samu. Daga nan kasuwa ta ja ni. Na gano cewa iƙamar ɗalibi, wato izinin zama, ta fi kowace sauƙi, muddin sunanka yana cikin wata makaranta. Sai na riƙa faɗuwa jarrabawa da gangan. Wani malami ya taɓa kira na ya ce, "Ya ibni, ɗana, kana gyara wa abokanka nahawu a waje, ka shigo ciki ka faɗi?" Na ce masa tsoron jarrabawa ne ke kama ni, har da share hawaye. In wannan makaranta ta gaji da ni in koma waccan. Haka na yi ta yi har furfura ta fara tona mini asiri, sannan na koma sabunta iƙamar baƙi, wata shida-shida. Turare na sayar, jallabiya na sayar, na yi rakiyar marasa lafiya da ke zuwa daga gida, in kai su asibiti in yi musu tafinta. Da shi na ciyar da ku, da shi kika yi makarantar jinya, ban raina ba, alhamdu lillahi. Amma ko yini ɗaya ba a taɓa rubuta ni a ko'ina a matsayin ma'aikaci ba. Ina alfahari da haka ma. Ina ce wa 'yan ahwa ni kamar iska nake, gwamnatin nan ba ta ganina, ta gida ba ta ganina.

Ban san ranar da zan so a gan ni tana zuwa ba.

Shekara biyu da suka wuce Ammu Sayyid, bawwab ɗinmu mai gadin ƙofa, ƙafafunsa suka ƙi. Kin tuna lokacin da ya daina hawo mana da tulun gas. Aka ce masa akwai ɗan ma'ash da gwamnati ke ba tsofaffin da ba su da abin hannu. Shi bai iya rubutu ba, ya roƙe ni in raka shi in cike masa takardu. Muka hau mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin haya, muka je. Aka tambaye shi shekarunsa, inda yake zaune, abin da ke shigo masa, ko yana da gona a ƙauyensu. Na cike masa tsaf. Da muka gama, ni da bakina da ba ya zama, na leƙa taga na ce wa matar da ke wurin, cikin wasa, "To ni fa, ya madam? Gwiwata ta fi tasa kuka."

Ta ce, "Kai Bamisire ne, ya Hagg?"

Na ce, "Ruwan Nilu nake sha tun kafin a haife ki."

Ta yi dariya ta ce, "Ruwan na kowa ne, sha ka ƙoshi. Wannan kuwa na 'yan ƙasa ne. Ka taɓa aiki a wani wuri da aka yi maka rajistar inshora?"

Na ce a'a.

Mace ce mai kirki, ta ce in ba ta fasfona ta gani ko akwai wata ƙofa. Ta buɗe, ta dube ni, ta sake duban fasfon. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hagg, ai ko ɗan ƙasa ne kai da sauranka. Masha Allah, wahala ce ta tsofar da kai haka?"

Na ce, "Karatu ne."

A mikrobas muna dawowa Ammu Sayyid yana ta yi mini addu'a, ni kuwa ban ji ko ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba, kowace ƙasa da nata 'ya'yan take fara ji. Abin da ya dame ni shi ne shekarun da na yi a nan. Da a ce na zauna su da sunan aiki, ko yaya ne, da akwai abin da zan nuna. Na zauna su da sunan ɗalibin da ya kasa cin jarrabawa.

Saboda haka in kin isa can, ki shiga ta ƙofar da ake rubuta suna. Duk wanda ya ce miki ki zo ki yi aikin bayan fage a ba ki a hannu, ya fi tsoka, ki ce kin gode. Duk wadda ta ce ki ara mata takardarki ta yi aiki da sunanki, ko ki yi da nata, ki ce ubanki ya hana. Takardar haya, takardar albashi, takardar izinin zama ko da ta ƙare, kada ki jefar da ko ɗaya. Ki sami jaka guda ki riƙa zubawa. Ummanki tana ajiye ledoji da kwalaben da ba su da amfani, ki gaji wannan halin nata a kan takardu.

To, na ce ai ina da ƙasa. Bara, da na ce muku zan je gida ganin dangi, ba dangi kaɗai na je gani ba. Sukari ya sa ni gaba, gwiwa ta sa ni gaba, masu zuwa asibiti yanzu da wayarsu suke tafinta. Na ce bari in je in ga ko in koma gida in ƙarasa. Ina can sai na ji ana shela wai za a rubuta sunayen tsofaffi marasa ƙarfi a filin firamaren unguwarmu, akwai ɗan tallafi da za a riƙa ba su. Na ce Allah Ya kawo ni a kan gaɓa. Na nemi tsohuwar riga a kayan marigayi Yaya Mudi na sa, na bar agogo a gida, na ɗauki sanda. Kin san ubanki in ya shirya.

Abin da ban sani ba, ba kai ke cewa kai talaka ne ba. Mutanen unguwa ake tarawa su nuna. Ina shiga layi sai na ji murya daga ɓangaren mata.

"La ila! Wa nake gani? Alhajin Misira ne a layinmu?"

Tabawa ce mai ƙosai, sa'ata, gidansu yana kallon namu. Fili ya ɗauki dariya.

Na ce, "Tabawa, rufa mini asiri, duniya ce."

Ta ce, "Wace duniya? Mai bene? Mai koren ƙyaure? Kai da kake aiko mana hoto kowace Salla kana tsaye gaban dalar Fir'auna kamar kai ka gina ta?"

Kin san benen nan, kin ga hotonsa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne bayansa. Gaban kawai na gama, na manna masa tayil, na sa ƙyaure mai tsada, don duk wanda ya wuce ya ce Sani ya yi arziki a waje. Ciki babu rufi, awakin maƙwabta ke kwana. Jallabiyoyin da nake ɗaukar hoto da su kuwa na sayarwa ne, in cusa takardar farashi cikin wuya, a ɗauka, in cire in mayar leda. Shekara da shekaru ina gina wannan suna, ranar nan ya tsaya a gabana ya tare ni.

Duk da haka na kutsa har gaban teburi. Wata yarinya ce da na'ura a hannu, mai ladabi.

Ta ce, "Baba, tun yaushe kake zaune a unguwar nan?"

Na ce, "'Yata, a gidan can aka binne cibiyata."

"Ba haihuwa na tambaya ba, Baba. Zama."

Na ce, "Yau kwana goma sha biyu."

Ta dubi mai unguwa. Mai unguwar yaro ne, jikan wanda na sani. Ya ce shi dai yana jin labarina, amma bai taɓa ganina a jana'iza ko suna ba, ba zai ce ni mazauni ba ne. Gaskiya ya faɗa. Ta ce in kawo katin ɗan ƙasa. Ta duba ta ce, "Baba, ai ko zama ya yi, shekarunka ba su kai ba. Hamsin da biyar ne a nan."

Kafin in buɗe baki Tabawa ta taso. "Hamsin da me? Ƙarya ne! Wata ɗaya aka yaye mu da shi. Ni na san sittin ta daɗe da wuce ni, shi zai zauna a hamsin? Sayar da shekarun ya yi a Misira?"

Kin ji, Uwata. Mutum ɗaya ta rage a duniya da za ta shaidi shekaruna na gaskiya, kuma ita ce ta gama shaida wa jama'a cewa ni mai kuɗi ne. Aka rubuta Tabawa. Ni na ja sandata na fita, kuma a lokacin da gaske nake dogara ta.

Ban haƙura ba. Na je wurin wani mai rubuta takardun kotu na ce ina so a gyara. Ya ce da wuya, don yanzu na'ura ta riga ta haɗa yatsana da wannan shekarar, amma ana gwadawa. Sharaɗin farko, in tsaya in rantse cewa rantsuwar farko ƙarya ce. Na ce wanda ya yi ta ya rasu. Ya ce to ai shi ke nan ma, ba zai musa ba. Na fito na zauna a kan dakali. Wato in je gaban alƙali, a garin da 'ya'yansa ke sallah a sahun gaba, in ce Mudi tela ya yi rantsuwar zur. Mutumin da ƙaryarsa ɗaya ce a duniya, kuma ni na saka masa ita a baki. Na kasa. Na wuce maƙabarta na yi masa addu'a na nemi gafararsa. A hanyar dawowa na tsaya ƙofar tsohon gidanmu in ga rijiyar Inna. An cike ta, wani ya kafa shagon cajin waya a kai.

Na dawo na ce muku gida lafiya, kowa yana gaisuwa.

Darasin nan biyu ne a cakuɗe, ki warware su da kanki. Kada ki nuna wa mutanen gida abin da ba ki da shi, don wata rana da bakinsu za a auna ki. Kuma kada ki yarda fasfo ya ruɗe ki cewa duk ranar da kika ga dama za ki koma a karɓe ki hannu bibbiyu. Ɗan ƙasa daban, mazauni daban. Wani da na taɓa yi wa tafinta, wanda ya daɗe a Turai, ya ce mini su ma can haka ne, ko ɗan ƙasarsu ne ya daɗe a waje ya dawo, sai sun duba ko da gaske ya dawo zama kafin su ba shi irin wannan taimakon. Ban san dokar Jamus ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar na sani ba. Ke za ki tambaya. A shekararki ta farko, tun kina da ƙarfi, ki je ofishinsu da ƙafarki ki ce: baƙo irina in ya tsufa a nan me yake samu? Shekara nawa ake so ya zauna? In na tafi gida na daɗe, zaman da na yi a baya yana nan ko ya rushe? In ina da fili a ƙasarmu, ana sa shi cikin abin da na mallaka? Za su yi mamakin mai shekara talatin da biyu tana tambayar tsufa. Su yi. Ki sa su rubuta miki amsar. Kada ki ɗauki fatawar doka a wurin masu shan shayi, ni shugabansu ne, na san yadda muke haɗa ta.

Yanzu bari in faɗi abin da za ki faɗa, don na san bakinki, nawa ne kika ɗauko. Za ki ce, "Baba, kai goma sha ɗaya ka cire, ni uku ne kawai. Kuma in ban yi ba aikin zai wuce ni."

Garba ba ya cire wa mutum shekara, Uwata. Ɗauke ta yake daga gaba ya kai ta ƙarshe ya ajiye, inda babu ƙarfi. Aikinki ɗaga marasa lafiya ne, juya su, tsayuwa tun safe. Ranar da bayanki zai ce ya gaji, takarda za ta ce saura shekara uku. Sa'o'inki su ajiye aiki su huta, ke kina tura gado. Yau shekara uku ba komai ba ce a wurinki. Ki tambaye ni nawa take a wurin mai ciwon gwiwa.

Wannan ma in ba a kama ba ke nan. Ni a zamanina takarda ce da hatimi, in ta ɓace ta ɓace. Ke an haife ki a asibiti a Alƙahira, mutanen da ba sa jefar da takarda. Shaidar makarantarki ta jinya tana ɗauke da ranar haihuwarki. Tsohon fasfonki yana ɗauke da ita, yatsanki yana cikin na'ura. Garba zai ce duk za a gyara, tamam. Ki tambaye shi abu ɗaya: in wata rana wani Bajamushe mai tabarau ya ajiye takardu biyu gefe da gefe, shi Garba yana ina? Yana ahwa yana buga dumina. Ke ce za ki tsaya. Kuma mutanen da suka kama ki da ƙarya a takardar shiga, ba na jin za su tsaya a kan shekara ukun. Tsorona kada su ce duk zaman da kika yi a kan ƙarya aka gina shi, ki wayi gari kina da shekara hamsin ko sittin, can ba su san ki ba, Misira ba taki ba, Funtuwa mai unguwa bai taɓa ganinki a jana'iza ba. Ni ko ba komai ina da ke. Ke wa kike da shi tukuna?

Tunda na faɗi haka, bari in ƙarasa gaskiyar, kada ki ce tsoho ya yi miki ciniki ya ɓoye aibin kaya. Ina da son kai a maganar nan. Ni da Ummanki ba mu da ma'ash a nan, ba mu da fansho a gida. Ita garinsu a Sudan kin san halin da yake ciki. Ke ce abin da muka dogara da shi bayan Allah, kuma na san saboda mu kike wannan gaggawar, tun da aurenki ya mutu kika ɗauki gidan nan a ka ba ki taɓa ƙorafi ba. Wannan nauyin ni na ɗora miki shi da wayona, ki yafe mini. In don ni ne za ki je wurin mutumin Garba, na sauke miki. Na fi son in ci waken fuul da burodi safe da yamma har in mutu da in ga kin shiga ramin da na shiga don ki fito da ni.

Aikin zai iya wuce ki, ban ce ba zai wuce ba. Wannan kamfanin ne ya sa iyakar talatin, ba a ce duk asibitocin ƙasar da bakinsa suke magana ba. Kina da shekara tara na aiki a hannu, kin sha wahalar koyon yarensu har kina yi wa Ummanki gunaguni da shi. Ki rubuta musu da shekarunki na gaskiya. In sun ƙi, ki nemi wasu. Wataƙila a yi shekara ana nema, wataƙila biyu, wataƙila ma ki dawo asibitinki na Giza ki ci gaba da bin jirgin metro. Ba ni da tabbacin da zan ba ki, kuma rabon da in ce wa mutum ba ni da tabbaci har na manta.

Abin da kika ba Garba, ki bar masa. Kada ki je karɓa, zai zaunar da ke ya sake shawo kanki, na san shi, tare muka koyi magana.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wata takarda mai launin ƙasa-ƙasa a cikin leda. Shaidar haihuwarki ce ta asali, na ciro ta daga ƙasan akwatin Ummanki. Ni na je na karɓo ta da hannuna kina da kwana huɗu. Magatakardan ya tambaye ni ranar da aka haife ki, kuma abin dariya, sai da na ji bakina yana ƙaiƙayin ya ƙara ko ya rage, don sabo. Na ce a'a, wannan dai a bar ta yadda Allah Ya kawo ta. Duk takardun gidan nan ita kaɗai ce ban taɓa sa wa hannu ba. A layin sunan uba an rubuta shekaruna na ƙarya, wannan ba yadda zan yi. Amma layinki tsaf yake.

In kin karɓi sabon fasfon, ki ɗauki hoton shafin farko ki turo mini a waya. Ba sai kin rubuta komai ba, ba sai kin ce kin ga wasiƙata ba. Layi ɗaya zan duba, na ranar haihuwa. Daga ranar Alhamis da jirginki zai tashi har ranar da hoton zai shigo, ki sani ubanki yana ahwa da waya a hannu, ana cinye shi a dumina.

Ni yanzu sittin da bakwai nake a wurin Allah, hamsin da shida a wurin hukuma. Takardar za ta kai shekarun tsufa wata rana, ba ta da sukari, ba ta da gwiwa. Ko zan jira ta, Allah ne Ya sani.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki aikin halal inda za a kira ki da sunanki da shekarunki. Ya ba ki tsufa mai sutura a ƙasar da ta san da zamanki. In kin je Funtuwa ki gaida 'ya'yan Yaya Mudi, ki sa su kai ki kabarinsa ki yi masa addu'a. Ki biya wurin Tabawa ki sayi ƙosai, ki ce mata sa'anta yana gaishe ta.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Sani